Mangalar Mai Guga

Takalman Mai Guga baƙaƙe ne, kuma kullum a goge suke. Amma wanda ya tsaya a bayansa wajen shiga aiki, ya sauke ido ƙasa, zai ga bayan dunduniyarsu ya koɗe ya yi fari, kamar an kankare da wuƙa. Ƙasan takalman lafiya lau yake, bayan ne kawai. Abokan aikinsa ba su taɓa kula ba, don idonsu yana kan jakar kekensa, alhali kuwa jakar ce ta ci takalman.

Tun gashinsa na baƙi yake aiki a sashen wanki na wani babban otal. Ya fara da ɗaukar jiƙaƙƙun zannuwan gado daga inji zuwa inji, daga baya aka ba shi teburin guga, bai sake barinsa ba. Har sunansa na yanka ya ɓace a wurin, kowa Mai Guga yake ce masa, ƙananan ma'aikata kuma su ce Baba. Hannunsa na da kyau. In ya goge kwalar riga, sai ta tsaya kamar za ta yi magana. Ba a taɓa kama shi da ko ɗan maɓalli ba. Abin da ya tsinta a aljihun baƙi, ko tsinken sakace ne, sai ya kai teburin Madam, shugabar sashen, ya tsaya har ta ɗaga kai ta gani. A wurinsa wannan sunan shi ne abin da ya tara a duk shekarun da ya yi yana shan tururi.

Aibinsa ɗaya ne, zargi. In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya shafa aljihu bayan ka wuce. In matarsa ta ce abinci ya yi daɗi yau, sai ya tsaya ya ga ta fara kai loma. Ba mugu ba ne. Shi dai bai yarda ana ba da shawara a banza ba, dole akwai abin da mai bayarwa yake hange.

Wannan halin ne ya raba shi da motar haya. A cikin cunkoso ana murje masa riga, kuma kowane hannu da ya gifta kusa da shi, ɓarawo yake gani. Sai ya fito da tsohon kekensa daga bayan ɗaki, ya kai aka gyara. Da fari jakar goyo ya rataya, ya isa wurin aiki bayan rigarsa sharkaf da gumi, abin kunya ga mai sana'ar guga. Sai ya koma ɗaure kaya da roba a kan kariyar bayan keken. Ran nan ya faɗa wani rami, kular abincinsa ta yi tsalle ta buɗe a tsakiyar titi. Washegari ya tura keken zuwa shagon masu sayar da kayan keke, ya ce yana son jakar nan mai faɗowa gefe biyu, wadda ake ratayawa a kariya.

Mai shagon matashi ne mai yawan murmushi, abin da tun farko bai yi wa Mai Guga daɗi ba.

"Baba, me da me kake ɗauka kullum?"

"Me ya haɗa ka da abin da nake ɗauka? Jaka na zo saya."

"Don in san wadda za ta dace ne. Akwai ƙarama, akwai matsakaiciya, ga babbar can a sama. In abinci ne da rigar ruwa da ɗan takalmi, ƙaramar ma ta ishe ka."

"Sauko da ta saman."

Mai shagon ya leƙa keken, ya durƙusa ya auna tsakanin feda da kariya da tafin hannunsa. "Baba, wannan ta masu doguwar tafiya ce, masu kwana a hanya. Kekenka bayansa gajere ne. In ka rataya ta, duk juyin feda sai dunduniyarka ta buge ta. Kuma jaka in ta yi wa kaya yawa, langaɓewa take, ta riƙa leƙa cikin taya. Ka je gida ka kwaso kayan naka mu gwada, ba inda zan je."

Mai Guga ya dubi ƙananan jakunkunan, ya ga sun yi ƙura, an jibge su a kusa da ƙofa. Ya dubi babbar, ya ga ita kaɗai ce, a cikin leda. Nan take ya gama lissafinsa: ƙananan sun ƙi tafiya ne ake neman wanda za a liƙa wa, babbar kuwa an ajiye wa wani ne.

"Yaro," ya ce, "na girme wa wannan wayon. Sauko da ita."

Da ya shigo gida da ita, matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta zagaya keken sau ɗaya.

"Malam, tashi za mu yi daga gidan nan ba ka faɗa mini ba?"

"Jakar aiki ce."

"Aikin ne za ka riƙa ɗaukowa gida? Ai wannan ko ni na shiga sai a nemi wanda zai cike gefe ɗaya. Da ka ɗauki ƙarama."

"Ke da mai shagon bakinku ɗaya ke nan."

"Ni ban san wani mai shago ba. Ido gare ni."

Tun a tafiyar farko ya gane gaskiyarsu. Kowane juyi sai ya ji ƙat a dama, ƙat a hagu. Ya gwada tuƙi da tsakiyar ƙafa, gwiwoyinsa suka buɗe kamar na mai hawan jaki, cinyarsa ta riƙa ciwo. Duk kayansa kuwa, kula da rigar ruwa da silifas ɗin da yake sawa a ɗakin wanki, sun shige gefen dama har da sauran wuri. Gefen hagu babu komai. Iska ta riƙa kaɗa shi, kusurwarsa tana shiga cikin wayoyin taya tana far-far-far, har masu tafiya a ƙasa suna waigowa. Wata safiya ta kusa kayar da shi a gaban wata motar kaya.

Mayar da ita shago bai ko zo masa a rai ba. Ya je ya tsaya gaban yaron nan mai murmushi ya ce me? Abin da ya zo masa shi ne a cika gefen da wani abu marar nauyi, ya tsaya da kansa. Ya gwada kwali, ruwan sama ya jiƙa shi ya narke. Ran nan zai fita da sassafe, sai ya ga tsohon filonsu a kan katanga, inda matarsa ta shanya shi jiya ta manta. Ya waiga, ba kowa. Ya cusa shi a gefen hagu, ya ja igiya. Jakar ta tsaya cif, ƙarar ta ɗauke. Dunduniya dai ta ci gaba da bugawa, amma wannan ya saba.

Da yamma ya tarar da matarsa tana ɗaga katifa.

"Malam, ka ga filon nan mai faci?"

"Wane filo?"

"Filo nawa gare mu mai faci? A katanga na bar shi." Ta rage murya, ta nuna gidan maƙwabta da haɓa. "Ni dai na ga matar can tana shanya a daidai wurin. Ban ce komai ba."

Shi kuwa ya san inda filon yake. In ya faɗa, dole ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ta fi shi gaskiya. Ya bari. A kwanakin da suka biyo, gaisuwar da matan biyu suke yi ta kan katanga ta gajarce, daga baya ta koma ɗaga hannu. Yana gani, yana kau da kai.

A wurin aiki jakar ta samu suna tun ranar farko. Dogo, mai kula da injinan wanki, shi ya raɗa mata. Ya hango shi yana shigowa, ya dafa ƙirji.

"Jama'a ku ba da hanya, ga mangala! Baba, ina ka baro jakin?"

"Yana tsaye yana yi mini magana," in ji Mai Guga, aka fashe da dariya. Amma sunan ya zauna.

Ana nan sai kaya suka fara ɓacewa a sashen. Yau a ce tawul bai cika ba, gobe a ce rigunan filo. Ba da yawa ba, kaɗan-kaɗan, irin wanda da farko ake ɗora wa baƙi. Da abin ya ƙi ƙarewa, ɗakin wanki ya canza. Hira ta ragu. In mutum ya shiga sito, sai ya bar ƙofa a buɗe, ya yi tari don a san yana ciki. Matan da suke ninke kaya suka daina ajiye jakunkunansu a ƙarƙashin tebur, suka koma rataye su inda kowa zai gani.

Mai Guga kuwa ya samu abin yi. Yana guga, idonsa na yawo. Dogo ya fara sa wando mai faɗi, me ya sa? Sabuwar mai ninki tana yawan zuwa banɗaki. Direban da yake kawo sabulu yana daɗewa wajen juya mota a bakin sito. Kowa ya auna shi, ya same shi da ɗan abin da bai gamsu ba. Abin da bai lura ba shi ne yadda Sajan, mai gadin ƙofar ma'aikata, yake bin mangala da kallo safe da yamma. Tsohon soja ne, ba ya yawan magana. Jaka ce dai take shiga a cike, take fita a cike, kuma duk wurin ba mai irinta.

Mai Guga da kansa ya je teburin Madam.

"Madam, da ni ne ke, bincike zan sa a ƙofa. Kowa ya buɗe jakarsa. Kuma kada a faɗi ranar."

Ta dube shi. "Kowa, Baba?"

"Kowa. Wanda bai ci komai ba, me zai ji tsoro?"

Ta ce ta ji.

Ba a yi nisa ba, wata rana ana tsakiyar aiki kafin azahar, Madam ta tafa hannu aka rage ƙarar inji. Ta ce daga yau duk wanda zai fita sai Sajan ya duba kayansa, kuma wanda aka samu da kayan otal, ko da ƙyalle ne, ya ajiye aiki a nan bakin ƙofa. Mai Guga ya gyaɗa kai, ya saci kallon wandon Dogo. Ya jawo wata farar riga ya shimfiɗa, ya ɗora dutsen guga a kafaɗarta. A nan ne abin ya faɗo masa.

Filo. A jakarsa. A otal ɗin da ake neman rigunan filo.

Sai da ya ji ƙaurin zafi ya ɗaga dutsen. Allah ya taimaka rigar ba ta ƙone ba. Filon ya daɗe a ciki har ya manta da shi, ya zama kamar wani ɓangare na jakar. Da safe ba wanda ya duba shi, ba wanda zai shaida da shi ya shigo.

Da aka tashi cin abinci ya nufi rumfar kekuna. Niyyarsa ya zare filon ya jefa a babban kwandon shara na bayan kicin. Sai ya tarar da Dogo zaune a benci, daidai gaban keken, yana cin abinci da matan ninki biyu.

"Baba, ka zo ba jakin ruwa?"

Ya ɗauki kularsa daga gefen dama, ya zauna can nesa. Ya yi ta juya abin. In ya jefar aka gan shi, ya zama ɓarawon da ya ji labarin bincike ya zubar da kaya. In ya ɓoye a sito aka tsinta, za a tambayi wanda ya shiga. In ya bar keken a nan ya tafi a ƙasa, gobe kowa zai ce me ya hana shi fita da mangala. Ya ɗaga kai, ya ga Sajan tsaye a inuwar ƙofa, hannu a baya, yana kallon rumfar. Shi da ya saba zargin mutane, ya san sarai abin da yake cikin wannan kallon, don shi ma haka yake yi.

Da aka tashi, layi ya miƙe a ƙofa. Bai shiga gaba ba, bai tsaya ƙarshe ba, don dukansu abin magana ne. Ya shiga tsakiya yana riƙe da kan keke. Sajan na leƙa jaka, ya shafa, ya ce wuce. Dogo ya ɗaga hannuwa sama, ya juya, ya karkaɗa ƙafafun wandonsa, ba abin da ya faɗo. Amma bai tafi ba. Waɗanda aka riga aka duba ma ba su tafi ba. Suka tsaya a waje, wai suna gyara takalmi, wai suna jiran juna.

"To, mutumina," in ji Sajan. "Bismillah."

Ya buɗe gefen dama. Kula, rigar ruwa, silifas. Sajan ya zura hannu har gwiwa, ya zaro hannun ba komai.

"Ɗayan."

Ya kwance igiyar. Sajan ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Sannan ya jawo filon ya ɗaga shi sama.

"A kira Madam."

Madam ta zo, ta karɓi filon da yatsu biyu. A hasken yamma Mai Guga ya gan shi yadda bai taɓa ganinsa ba. Audugar ciki ta dunƙule gefe ɗaya. Tsakiyarsa ta yi duhu da man kai na shekaru. Ga facin da matarsa ta yi da guntun tsohon zaninta mai furanni, ga wani facin a kan facin. Filon otal fari ne fat, na soso, kowanne da tambari a kusurwa.

Dogo ne ya fara magana. "Madam, in dai wannan na otal ne, wallahi gara a rufe otal ɗin."

Dariya ta ɓarke. Ɗaya daga matan ninki ta toshe baki da gyale. Wani ya ce, "Baba mai tsayar da kwala, ashe a kan wannan ake kwana!"

Madam ba ta yi dariya ba. "Baba, ba namu ba ne, na gani. Amma me filo yake yi a jakarka? Barci kake yi a sito?"

"Ban taɓa ba."

"To me?"

Ya dubi taya, ya dubi ƙasa. Duk shekarunsa a wurin ba a taɓa tsayar da shi an tambaye shi dalili ba. Maganar tana bakinsa, ta fi dutsen guga nauyi.

"Jakar ce ta yi mini girma," ya ce. "An ce in ɗauki ƙarama, na ƙi. In ba komai a ciki, shiga taya take yi. Shi ne na cusa filo."

Aka sake kwashewa. Sajan kaɗai fuskarsa ba ta motsa ba. Ya karɓi filon daga hannun Madam, ya matsa nan, ya matsa can.

"Akwai tauri a ciki," ya ce. "Ana naɗe ƙaramin tawul a tura cikin irin wannan. Na taɓa gani."

"Sajan, haba," in ji Madam.

"A'a, bar shi," in ji Mai Guga. Ya san in ya fita da filon nan a ɗinke, gobe taurin nan zai zama tawul a bakin mutane, jibi ya zama tawul goma. "Farke shi. A nan, gaban kowa."

Sajan ya ciro 'yar wuƙa ya bi ɗinkin. Tsohuwar auduga ta zubo, launin toka, dunƙule-dunƙule, ƙura ta tashi har Madam ta ja baya tana atishawa. Ya zazzage shi tas, ya juya rigar ciki waje. Babu komai sai auduga da wani tsohon maɓalli.

"Wuce," in ji Sajan.

Mai Guga ya durƙusa ya tattara audugar da hannu, ya mayar cikin rigar, ya ƙulle bakin. Ba wanda ya taya shi, ba kuma wanda ya ƙara tsokana. Ranar ba a kama kowa da komai ba. Da ya hau keke ya ji Dogo na cewa wani a hankali, "Yau dai ba a samu ba." Bai san ko da shi ake ba, bai kuma waiga ba. Shi ma har yanzu bai gama yarda da wandon nan ba.

A hanya ya yanke shawara ba zai canza jaka yanzu ba. Wanda ya sauya jaka washegarin bincike, ya ba mutane abin faɗa. Zai cire gefen hagu dai, ya ja na dama baya iyakar inda kariya ta ƙare, kuma kowace safiya zai buɗe ta gaban Sajan tun kafin a tambaye shi. Ƙaramar jaka sai abin ya lafa.

Matarsa tana kwashe shanya ya shigo. Ya ciro ƙullin ya ajiye a kan tabarma. Ta dubi facin mai furanni, ta dube shi.

"A ina?"

"A jakata."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika neme shi."

Ta zauna a bakin tabarmar. "Malam, ka bar ni ina gaba da baiwar Allah a kan abin da yake yawo da kai a keke? Har ɗanta ya zo aron tsani na ce ya karye!"

"Jakar ce ta yi girma."

"Yau ka sani?" Ta kwance ƙullin, ta ga yadda aka farke ɗinkin. "Wannan kuma wa ya yanka shi?"

"Doguwar magana ce."

"Ina da lokaci. Amma bari in fara zuwa in ga da wane ido zan kalli matar nan." Ta yafa gyale, ta ɗauki tsanin da kanta, ta fita tana magana ita kaɗai.

Mai Guga ya kwance gefen hagu na jakar ya rataye shi a ƙusa. Sannan ya kifa keken, ya ɗauko tsumma da 'yar kwalbar mai, ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne yana ɗiga wa sarƙa, yana juya feda da hannu.